GURU NANAK, MALAMIN SITON DA YA KAFA ADDININ SIKH (1469 – 1539)

Ina so in yi amfani da filin tarihin mashahuran mutane na wannan fitowa in kawo mana labarin wani mutum daga ƙasa mai nisa.

Kusan kowa a cikinmu ya taɓa ganin mutanen nan masu naɗa ƙaton rawani da barin gemu a finafinan Indiya, waɗanda sunayensu ke ƙarewa da Singh. Wasu kuma za su tuna da Manmohan Singh mai shuɗin rawani, wanda ya yi Firayim Ministan Indiya daga 2004 zuwa 2014, har ya kawo ziyara Abuja a 2007. Na sha jin ana gardama a kan addinin mutanen nan. Wasu su ce Musulmi ne saboda rawani da gemu, wasu su ce 'yan Hindu ne tunda Indiyawa ne. Gaskiyar magana ita ce addininsu mai zaman kansa ne, sunansa Sikh, ma'anar kalmar kuwa ita ce almajiri ko mai neman sani. Wanda ya kafa shi shi ne Guru Nanak, kuma kalmar Guru tana nufin malami mai nuna hanya.

Kafin in shiga labari, ya kamata mai karatu ya san cewa ta hanya biyu tarihin mutumin nan ya zo. Akwai waƙoƙin da shi kansa ya tsara, guda 974, waɗanda ke cikin littafin addinin. Sannan akwai littattafan labaran rayuwarsa da ake kira Janamsakhi, waɗanda mabiyansa suka rubuta shekaru da dama bayan mutuwarsa, kuma cike suke da abubuwan al'ajabi. Duk inda na ce an ce, to daga waɗannan littattafai labarin ya fito.

HAIHUWARSA DA ƘURUCIYARSA

An haifi Nanak a shekarar 1469 a wani ƙauye da ake kira Talwandi, yamma da birnin Lahor a yankin Fanjab. Yau ƙauyen ya zama gari, yana cikin ƙasar Pakistan, kuma an sauya masa suna zuwa Nankana Sahib don girmama shi. Iyayensa 'yan Hindu ne. Mahaifinsa, Mehta Kalu, malamin haraji ne mai riƙe da lissafin gonaki ga mai garin, wani Musulmi mai suna Rai Bular. Sunan mahaifiyarsa Tripta, yana kuma da yaya mace guda ɗaya mai suna Nanaki, wadda ake cewa ita ce ta fara gaskata shi.

A wancan zamani sarakunan gidan Lodi ne ke mulkin arewacin Indiya daga Delhi. Masu mulki Musulmi ne, akasarin talakawa kuwa 'yan Hindu. Jama'ar Hindu kuma a rarrabe suke rukuni-rukuni bisa ga asalin haihuwa, ta yadda ɗan babban rukuni ba ya cin abinci tare da ɗan ƙaramin rukuni, wasu ma ko taɓa su ba a yi. A cikin wannan hali Nanak ya tashi. Ya yi karatu wurin malamin Hindu, ya kuma koyi Farisanci, wanda shi ne harshen aikin hukuma a lokacin.

An ce da ya kai shekarun da ake rataya wa yaron Hindu zaren tsarki a kafaɗa, sai ya ƙi karɓa a gaban baƙin da aka gayyato, ya nuna cewa zaren auduga yana tsinkewa, yana yin dauɗa, abin da mutum ke bukata shi ne tausayi da wadatar zuci da gaskiya. An kuma ce mahaifinsa ya taɓa ba shi rufi 20 ya je ya yi cinikin da zai kawo riba, amma da ya gamu da wasu masu ibada da suka kwana biyu ba su ci komai ba, sai ya sayi abinci da kuɗin kaf ya ciyar da su. Mahaifin ya yi fushi matuƙa. Mabiyansa kuwa har yau suna kiran wannan abu cinikin gaskiya, sun ma gina wurin ibada da wannan suna a inda abin ya faru.

AIKIN HUKUMA A SULTANFUR

Ganin yaro ba shi da niyyar kasuwanci, sai aka tura shi garin Sultanfur wurin yayarsa Nanaki da mijinta Jai Ram. Shi Jai Ram ɗin ne ya samo masa aikin kula da siton hatsi na gwamnan garin, Daulat Khan Lodi. A wancan lokaci da hatsi ake biyan haraji mai yawa, da hatsi kuma ake sallamar barorin gwamna, saboda haka duk wanda ya riƙe ma'auni da littafin lissafi ya riƙe amana babba. Ya auri Sulakhani 'yar garin Batala, suka haifi 'ya'ya maza biyu, Siri Chand da Lakhmi Das.

Wannan ɓangare na tarihinsa shi ya fi jan hankalina, watakila don ni ma ma'aikacin gwamnati ne. An ce yakan raba wa mabukata mafi yawan abin da ya samu na ladan aikinsa. A harshen Fanjabi kalmar da ke nufin goma sha uku tana kama da kalmar da ke nufin naka ne. To, an ce idan yana awo ya kai na goma sha uku, sai tunanin Ubangiji ya ɗauke masa hankali, ya yi ta maimaita kalmar yana zuba hatsi. Masu hassada suka kai ƙara cewa yana ɓarnatar da dukiyar hukuma. Gwamna ya sa aka binciki sito da littattafai, sai aka tarar komai ya cika, babu abin da ya yi ciwon kai. Duk wanda ya taɓa zama a ofis ranar da masu binciken kuɗi suka iso ba zato, ya san abin da wannan labari yake nufi.

A Sultanfur ɗin ne wani ɗan garinsu Musulmi mai suna Mardana ya zo ya same shi. Mardana makaɗi ne, yana kaɗa rabab, wani abin kiɗa mai tsirkiya dangin molo. Su biyun sukan zauna da dare Nanak yana rera waƙoƙin yabon Ubangiji, Mardana yana kiɗa, da asuba kuma Nanak ya tafi wanka rafin Kali Bein kafin ya wuce wurin aiki.

Yana da kimanin shekara 30, wata rana ya shiga rafin bai fito ba. Aka yi nema har aka gaji, aka ɗauka ruwa ya ci shi. Bayan kwana 3 sai ga shi ya bayyana. Mabiyansa sun yi imani cewa a waɗannan kwanaki ne aka kai shi gaban Ubangiji aka ɗora masa aikin kira. Maganar farko da aka ce ta fito daga bakinsa tana nuna cewa sunan Hindu ko na Musulmi ba shi ne abin dubawa ba a wurin Mahalicci. Daga nan ya ajiye aiki, ya rabar da abin da ya mallaka, ya kama hanya tare da Mardana.

TAFIYE-TAFIYENSA

Ya shafe kimanin shekara 20 yana yawo. Littattafan mabiyansa sun kasa tafiye-tafiyen kashi huɗu: gabas har zuwa Banaras da Assam da Furi, kudu har tsibirin Siri Lanka, arewa cikin duwatsun Himalaya, yamma kuma har Makka da Madina da Bagadaza. Masana tarihi sun yi saɓani a kan ko ya kai wasu daga cikin wurare masu nisan nan, amma sun yarda cewa ya yi yawo mai yawa, ya kuma zauna da malaman Hindu da masu gudun duniya da shehunan Sufaye ya yi muhawara da su.

Hanyar koyarwarsa ita ce ya yi abin da zai sa mutane su tambaye shi. An ce a Haridwar, bakin kogin Ganga, ya tarar da mutane suna watsa ruwa wajen gabas don ya isa ga kakanninsu da suka mutu. Sai shi ya juya yamma ya kama watsa nasa. Da suka tambaye shi, ya ce gonarsa da ke Fanjab yake shayarwa. Suka yi masa dariya, shi kuma ya nuna musu cewa in dai nasu ruwan zai kai wata duniya, ai nasa bai kamata ya gaza kaiwa Fanjab ba.

A garin Saidfur kuma, an ce ya sauka gidan wani talakan kafinta mai suna Lalo, ɗan ƙaramin rukuni, ya ƙi amsa gayyatar walimar wani babban jami'in hukuma mai suna Malik Bhago. Da aka matsa masa, sai ya riƙe busasshiyar gurasar Lalo a hannu ɗaya, ya riƙe soyayyar gurasar Bhago a ɗayan, ya matse su. Madara ta fito daga ta kafinta, jini ya fito daga ta jami'in. Ko mutum bai yarda da abin al'ajabin ba, ma'anar a fili take: abincin da aka samu da gumi daban, wanda aka tatsa daga talakawa daban.

Abin da babu shakka a kansa shi ne ya ga yaƙi da idonsa. A wajen 1520 Babur, wanda daga baya ya kafa daular Mughal bayan ya ci sarki Ibrahim Lodi a yaƙin Fanifat a 1526, ya afka wa Saidfur. Nanak ya bar waƙoƙi huɗu a kan hare-haren Babur. A cikinsu ya bayyana wulaƙancin da aka yi wa mata, na Hindu da na Musulmi baki ɗaya, ya zargi sarakunan Lodi da shagala da jin daɗi har suka bar ƙasa ba kariya, ya kuma kai kukansa ga Mahalicci a kan wahalar marasa ƙarfi.

ZAMANSA A KARTARFUR DA ABIN DA YA KOYAR

Da tafiye-tafiye suka ƙare, sai ya tuɓe kayan matafiya ya sa tufafin magidanta, ya zauna da iyalinsa a Kartarfur, wani gari da ya kafa a bakin kogin Rabi. A nan ya yi kimanin shekara 18 na ƙarshen rayuwarsa yana noma da hannunsa. Jama'a suka taru gare shi, kuma tsarin zaman da ya shimfiɗa musu a wannan gari shi ne tushen ibadar 'yan Sikh ta yau da kullum.

Ginshiƙin koyarwarsa shi ne Ubangiji ɗaya ne, ba shi da siffa, ba a haife shi ba, ba ya mutuwa, saboda haka ba a sassaƙa masa gunki. Littafinsu ma da lambar 1 ya fara. Sunan da suka fi kiran Ubangiji da shi shi ne Waheguru. Sai dai kuma, kamar 'yan Hindu, Nanak ya koyar da cewa rai yana sake dawowa duniya a wani jiki gwargwadon aikinsa, kuma ba ya kuɓuta daga wannan kai-komo sai da rahamar Ubangiji. Abin da ke tsare mutum a ganinsa shi ne son kai, wanda ke haifar da ɓarayi biyar: sha'awa, fushi, kwaɗayi, maƙale wa abin duniya, da girman kai.

Maganin da ya bayar abu uku ne. Na farko, yawan ambaton sunan Ubangiji. Na biyu, neman abinci ta hanyar aiki na gaskiya. Na uku, raba abin da aka samu da wasu. Bai yarda mutum ya gudu daji ko kan dutse da sunan ibada ba, alhali ga shi zai dawo yana bara a ƙofar waɗanda ya baro suna aiki. A wurinsa magidanci mai sana'a da iyali shi ne mai ibada na sosai. Ya kuma yi tir da rarraba mutane bisa asali, da ɗaukar mace a matsayin ƙazantacciya ko ƙasƙantacciya.

Ga yadda yini yake a Kartarfur, kuma haka yake a gidan duk ɗan Sikh mai riƙo da addini. Akan tashi a kashin ƙarshe na dare kafin alfijir, a yi wanka, a karanta Japji, wata doguwar waƙar Nanak mai baiti 38 wadda ita ce farkon littafinsu. Daga nan kowa ya tafi aikinsa. Da faɗuwar rana a sake taruwa a yi addu'ar yamma, wadda a yau ake kira Rehras. Kafin a kwanta kuma a karanta Sohila, ita ce kuma ake karantawa idan za a ƙona gawa, domin ƙona mamaci suke yi. Waɗanda suka gaje shi sun ƙara wasu karatuttukan, amma lokutan nan uku ba su sauya ba. Yawancin ibadarsu ta jam'i rera waƙoƙin littafin ne da kiɗa, abin da suke kira kirtan, kuma zuriyar makaɗa Musulmi irin su Mardana sun ci gaba da yin wannan kiɗa a babban wurin ibadarsu na Amritsar har zuwa 1947.

Abin da ya fi kowanne fice cikin abubuwan da ya kafa shi ne langar, wato ɗakin girki na kowa da kowa. Duk wanda ya zo, ko wane ne shi, zai zauna a ƙasa cikin sahu ɗaya da sauran jama'a a zuba masa abinci iri ɗaya. Mai karatu ya tuna cewa a ƙasar da ɗan babban rukuni ke ganin inuwar wani ma tana ɓata masa abinci aka yi wannan. Har yau kowane wurin ibadarsu, wanda suke kira gurdwara, yana da langar. Ba a sa nama a ciki don kowa ya iya ci, gurasa ce da miyar wake da shinkafa da ganye. Masu sa kai ne ke girki da wanke-wanke, kuɗin kuwa daga gudummawar mabiya yake fitowa, domin ana son kowa ya fitar da kashi ɗaya cikin goma na abin da yake samu. A Amritsar kaɗai dubun dubatar mutane ke ci kyauta kowace rana.

MUTUWARSA DA ABIN DA YA BIYO BAYA

Mardana ya riga shi mutuwa a 1534. Da Nanak ya ga ƙarshe ya matso, sai ya yi abin da ya ba mutane mamaki, ya tsallake 'ya'yansa biyu ya zaɓi wani almajirinsa mai suna Lehna ya gaje shi, saboda biyayyarsa da rashin ƙyamar kowane irin aiki. Ya sauya masa suna zuwa Angad, wato wani sashe na jikinsa. Babban ɗansa Siri Chand ya zaɓi hanyar gudun duniya, ya kafa tasa ƙungiya daban. Nanak ya mutu a Kartarfur ranar 22 ga Satumba, 1539, yana da shekara 70. An ce 'yan Hindu suka so su ƙona gawar, Musulmi suka so su binne, da aka yaye mayafi sai aka tarar da furanni kawai, aka raba mayafin biyu kowa ya yi nasa.

Guru tara ne suka biyo bayansa. Angad ya daidaita rubutun Gurmukhi da ake rubuta littafin da shi. Na huɗu, Ram Das, ya kafa garin Amritsar. Na biyar, Arjan, ya tattara waƙoƙin magabatansa da nasa cikin littafi ɗaya a 1604, ya kuma sa waƙoƙin wasu bayin Allah da ba 'yan Sikh ba, irin su Kabir masaƙi, da Rabidas baduku, da baitoci fiye da 100 na Shehu Farid, wani babban Basufe na Fanjab. An kashe Arjan a Lahor a 1606 zamanin sarki Jahangir, aka kuma fille kan Guru na tara, Tegh Bahadur, a Delhi a 1675 zamanin Aurangzeb. Wannan matsi ne ya sa jama'ar da ta fara da noma da waƙa ta ɗauki makami.

A 1699 Guru na goma, Gobind Singh, ya kafa ƙungiyar Khalsa a garin Anandfur. Shi ya wajabta wa membobinta abubuwa biyar: barin gashi ba aski, matajin katako, munduwar ƙarfe, gajeren wando, da 'yar wuƙa a rataye. Ya hana su taba, ya ba maza sunan Singh, wato zaki, mata kuma Kaur. Ashe ke nan kamannin da muke gane su da shi a fim ya zo ne shekara 160 bayan mutuwar Nanak. Kafin Gobind Singh ya mutu a 1708, ya ce babu sauran Guru mutum, littafin ne zai zama Guru har abada. Shi ya sa ake kiransa Guru Granth Sahib.

Littafin yana da shafi 1,430, kuma kamar sarki suke ɗaukarsa. A gurdwara ana ɗora shi a kan karaga ƙarƙashin laima, ana yi masa fifita, da dare a kai shi ɗakinsa, da asuba a fito da shi. Mai shiga sai ya tuɓe takalmi ya rufe kansa, ya rusuna a gaban littafin, sannan ya zauna a ƙasa. Kowace safiya akan buɗe shi ba tare da zaɓen shafi ba, abin da aka tarar shi ne umarnin wannan rana. Haka ake yi wajen raɗin suna, harafin farko na karatun da aka tarar shi ne farkon sunan jariri. Ango da amarya kuma sau huɗu suke kewaya littafin. Idan an tashi daga taro akan yi addu'a a tsaye, sannan a raba wa kowa wata alewa ta garin alkama da sukari da man shanu. Ba su da limamai na gado, namiji ko mace duk wanda ya iya karatu yana iya ja gaba.

Da aka raba Indiya da Pakistan a 1947, iyaka ta ratsa tsakiyar Fanjab. Miliyoyin mutane suka yi hijira, aka yi asarar rayuka masu yawa ta kowane ɓangare. Mafi yawan 'yan Sikh suka koma ɓangaren Indiya, amma garin da aka haifi Nanak da wanda ya mutu a ciki duk suka faɗa Pakistan. Kartarfur ba ta wuce kilomita 5 daga iyakar ba, har masu ziyara sukan tsaya a ɓangaren Indiya su hango ta da tabarau mai jawo nesa. Sai a ranar 9 ga Nuwamba, 2019, lokacin cikar shekara 550 da haihuwarsa, ƙasashen biyu suka buɗe wata hanya ta musamman don masu ziyara su shiga ba tare da biza ba. Ƙidayar Indiya ta 2011 ta nuna 'yan Sikh sun kai miliyan 20 da ɗoriya a ƙasar, akwai kuma jama'arsu masu yawa a Kanada da Ingila da Amurka.

A ganina, ko da mutum bai yarda da aƙidar Nanak ba, sanin tarihinsa zai hana shi yi wa mutanen nan kuɗin goro. Mu kuma da muke riƙe da ma'auni da littattafan jama'a a ofisoshi daban-daban, labarin siton Sultanfur da na gurasar kafinta sun ishe mu abin tunani. A nan zan dakata. Sai mun haɗu a taron shekara, in Allah Ya kai mu.